Gurbin Sunan Uba

Yamai, 9 ga Satumba

Zuwa ga taubashiyata Hajara, a Madawa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da dukan mutanen gidan marigayi Issoufou, Allah ya kai haske kabarinsa. Yaya damina? Ni ma lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ke gaya min ruwa zai sauko tun kafin rediyo ta faɗa.

Ousmane direba ya kawo min takardarki har rumfata. Na juya ta gaba da baya ina neman cukun da ya kamata ya biyo ta, ban ga ko ƙamshinsa ba. Kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito, amma sai da aka ɗauke mushen ƙauyenku, malamin makaranta, lakkol ɗin ta zama ɗakin awaki, sannan kika tuna kina da ɗan'uwa a Yamai. Na yafe. Dama ba ni da wanda zan yi wa fushi.

Sau huɗu kika rubuta "yarinyar nan". Na gane. 'Yar fari ce, bakinki ba zai kira sunanta ba, balle na mijinki. To ni da birni ya cinye wa kunya na rubuta miki: Rahama Issoufou, shekara goma, za ta aji biyar. In na yi kuskure ki gyara.

Ki daina aiko saƙo Maourey. Na bar ɗakin hayar can tun bayan rasuwar matata Anisa. Na tare a ɗan ginin da muka fara tare, can bayan Dar es Salam, inda guduro, hanyar kwalta, ya ƙare, yashi ya fara, masu taksi suka fara ƙunƙuni.

Jiya na rufe rumfa na tafi ansifeksiyon, ofishin da ke riƙe da makarantun gwamnati na yankinmu. Sai da na yaba wa mai gadi hularsa kafin ya nuna min ƙofar da ta dace. Ga abin da na samo. Lakkol uku ke kusa da ni. Ta farko da jifa ma sai ka kai, amma azuzuwanta duk zana ne, ba a kafa su sai ruwa ya ɗauke an yanki kara, wato yara su yi wata guda suna kallon fili. Ta biyu sai an tsallake hanyar manyan motoci, na soke ta. Ta uku tafiyar minti goma sha biyar ce, ginin siminti, akwai famfo, akwai makewayin 'yan mata daban. Shugabarta Madam Ramatou, mace ce da in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna duk ƙaryar da ka yi tun azumin bara. Can nake so.

Abin da suke nema: takardar haihuwa, takardar canji daga tsohuwar lakkol, hoto biyu, da takardar mai unguwa mai nuna inda yaro yake kwana. Hoto da mai unguwa ki bar min. Karatu kyauta ne, kyauta irin wadda sai ka zo da kaye, littafin rubutu, da bik, wato biro, da allo da tsintsiya. Wannan ma nawa ne, kada ki sa baki. Ana buɗewa farkon Oktoba, ana shiga ƙarfe takwas. Cikin aji Faransanci, a fili Zabarmanci. Ki koya mata "fofo", gaisuwarsu ke nan, sauran za ta tsinta wajen wasa.

Kada ki damu da zaman yarinya gidan gwauro. Katanga ɗaya ce tsakanina da Ɗan'azumi tela, matarsa Hasiya ta ce kitso da wanki nata ne. Ɗaki biyu gare ni. Ɗayan, tun da aka sa masa ƙofa, babu wanda ya kwana ciki sai buhun gawayi. Na fitar da buhun yau da safe.

Naki,
Mu'azu

Madawa, 21 ga Satumba

Yaya Mu'azu,

Ina gaisuwa, ina yi maka ban gajiya. Muna lafiya, gero ya fara kai. Ga cukun nan, ka toshe bakinka da shi.

Takardu babu ko ɗaya. A gida aka haife ta, tsakar damina. Marigayi kullum yana cewa bayan girbi zai je ya yi, har Allah ya yi ikonsa. Takardar canji kuma mushe ya tafi da mabuɗin akwatinsa, an ce can gabas aka kai shi. Sai dai su gwada ta su ga abin da ke kanta. Marigayi ya so ta yi nisa da karatu, shi ya sa na dame ka.

Za ta taho da Ousmane ran Alhamis. Kakarta ta wajen uba ce ta ce in gaya maka tana tsoron kare, kuma in ta yi shiru da yawa to yunwa ce, ba za ta faɗa ba. Kakar ce kuma ta ce a riƙa shafa mata mai a ƙafa, tana faso. Ni ba ruwana. Taku ce, ku yi yadda kuka ga dama da ita.

Ka riƙa rubutowa ta hannun Ousmane. Salular gidan nan ta ƙanen marigayi ce, in na karɓa kowa sai ya matso.

Hajara

Yamai, 14 ga Oktoba

Hajara 'yar ƙauye,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Kin ji na ce "muna". Rabona da rubuta wannan kalma shekara biyu.

An ɗauke ta! Amma ba da sauƙi ba. Na je da sassafe ina ganin na yi sammako, sai na tarar da layin iyaye ya kai bakin famfo. Unguwannin nan na bayan gari gini ake yi kamar ana tsere, yara sun fi bencina yawa. Madam Ramatou ta fito ta ce ajin biyar ya kusa cika, 'ya'yan unguwa za a fara dubawa. Da muka shiga na ce takardu suna hanya. Ta dube ni ta saman tabarau, ta miƙa wa Rahama alli, ta rubuta mata lissafin rabawa a babban allo. Hajara, yarinyar nan ba ta ko juyo ba. Ta raba shi tas kamar mahauci ranar Layya. Sauran batun rubuta suna, na san yadda na yi. Shekara talatin ina sayar da atamfa, ai ba za a bar ni a ƙofa ba.

An ba mu zuwa ƙarshen Disamba mu kawo jijima, wato takardar haihuwa da alƙali ke yi wa wanda ba a rubuta ba ranar da ya zo duniya. In babu ita ba za ta zauna jarrabawa ba in lokaci ya yi. Ina kan binciken hanyarta.

Gida ya canza. Da, in na dawo kasuwa, rediyo nake kunnawa tun daga ƙofa don in ji murya. Yanzu sai an ce min, "Kawu, ka rage, ina hadda." Ta ɗanɗana miyata ranar farko ta ajiye cokali cikin ladabi, ta ce, "Kawu, dama haka mutanen Yamai ke ci?" Hasiya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Yanzu ita ke sa gishiri, ni aikina hura wuta. Ina rufe rumfa da wuri, maƙwabtana na kasuwa suna cewa amarya na yi na ɓoye.

Ran Lahadi na kai ta Gaweye ta ga kogi. Ta tsaya kan gada ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, ta daɗe, sannan ta ce duk ruwan nan ba mai shi? Na ce babu. Ta ce to a kai wa Madawa rabi.

Ki gaya wa "kakarta" ana shafa man, kuma karen unguwar nan tsoho ne, haƙoransa uku.

Ga shafi ɗaya daga kayenta, shifta ce, ta ci takwas cikin goma. Ita ta yage shi, ta ninke, ta cusa cikin ambulan da kanta, ta ce a kai miki.

Naki,
Mu'azu

Yamai, 11 ga Nuwamba

Hajara,

Ina gaisuwa. Lafiya dai ko? Sati huɗu ke nan ba amsa. Ousmane ya rantse a hannunki ya sa takardata. Duk ranar da kar ɗinsa, motar fasinja, ta shigo ina zuwa tasha, har masu sayar da ruwa sun fara gaishe ni da suna. Na kira salular ƙanen marigayi sau biyu, aka ce kina gona. Na ce girbi ne. Daga baya na ce ko zancen gada ne ya ɓata miki rai, kina ganin na kai yarinya bakin ruwa. Wallahi hannunta na cikin nawa. In kuma "'yar ƙauye" ce ta yi zafi, ai kin san wasanmu ne tun kakanni, ki rama.

Rahama lafiya. Ta fara faɗa da Zabarmanci, alamar ta zauna. Kullum in na dawo tasha takan dubi hannuna, ba ta tambaya.

Batun jijima, an ba ni ran 12 ga Disamba a jastis, wato kotu. Shaidu biyu ake so. Kada ki wahalar da kowa da tafiya, Ɗan'azumi da wani abokina Isaka sun ce za su tsaya. Ki bar komai a hannuna.

Wani labari. An yi taron iyaye ran Asabar, a ƙarƙashin bishiyar lakkol. Ana gardama kan famfon da yara ke bari a buɗe, na tashi na yi magana kaɗan, kin san bakina. Kafin in zauna an zaɓe ni cikin kwamitin iyaye, an damƙa min mabuɗin famfo. Ni Mu'azu, kwamitin iyaye. Na dawo gida ina neman wanda zan gaya wa, na tsaya gaban hoton Anisa kamar wani sakarai.

Ki rubuto ko layi biyu ne.

Mu'azu

Madawa, 20 ga Nuwamba

Malam Mu'azu,

Muna lafiya.

Ban iya Faransanci ba, amma na iya karanta suna. A saman shafin da aka aiko, da hannunta, ga nata sunan, ga naka a bayansa. Na duba har sau goma ko idona ne.

Kakarta ta ji an aiko da rubutun jikarta, ta ce a karanta mata tun daga sama. Na ce ruwa ya jiƙa shi. Tsohuwar da ta binne ɗanta bara, ka sa na yi mata ƙarya.

Marigayi bai bar shanu ba, gonarsa ma kwana biyu ake nome ta. Abin da ya bari shi ne wanda ke bayan sunan 'ya'yansa. Shi za ka je gaban alƙali ka cire, da shaidun da ba su ci naman sunanta ba, ba su san ko a wace kusurwa aka binne cibiyarta ba.

Kada ka je ran 12. In an ba da hutun Disamba ka sa ta a kar ɗin Ousmane da kayanta duka. Karatun da ta samu ya isa.

Hajara

Yamai, 25 ga Nuwamba

Hajara,

Gaisuwa, in za ki karɓa.

Takarda biyu na yage kafin wannan. A ta farko na rubuta miki cewa ke kika ce "taku ce, ku yi yadda kuka ga dama". Na ma ja layi a ƙarƙashi. Irin abin da nake yi ke nan a kasuwa, in kama mutum da maganarsa. Amma na san irin wannan "taku ce". Ni ma ɗan fari ne. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, kullum "ba ruwana da shi", kuma ita ce ke tashi ta duba ko na ci. Tun da na karanta zancen man ƙafa na san wace ce kakar da ke magana.

A ta biyu na rubuta cewa dole ce ta sa, wai sai 'ya'yan unguwa ake ɗauka. Wannan ma ƙarya ce. Takardar mai unguwa ta wadatar. Babban littafinsu gurbi biyu gare shi, na uba da na mai riƙo, na gani da idona.

Ga abin da ya faru. Da ta gama lissafin nan a allo ta dawo ta kama gefen rigata. Madam Ramatou ta buɗe littafi ta ce, "Ɗiyarka ce?" Hajara, shekara ashirin da shida muka yi da Anisa. Mun sha magani, mun sha rubutu, mun sha bakin mutane. Ba a taɓa yi min wannan tambayar ba ko da kuskure. Na ji bakina ya ce i. A hanyar gida na gaya wa yarinya wai dokar lakkol ce, ta riƙa rubuta nawa. Ta yi tafiya kaɗan ta ce, "Kawu, Baba ba zai ji haushi ba?" Na saya mata ƙanƙara mai zaƙi don kada in amsa. Daga nan kuma ƙaryar ta riƙa neman 'yar'uwa, har ta kai ni ƙofar alƙali. Na janye ranar. Ɗan'azumi ya ce dama Hasiya ta rantse in ya je kada ya dawo mata gida.

Yau da safe na je wurin Madam Ramatou na faɗi gaskiya, hulata a hannu. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta juyo da littafin wajena ta ce, "Malam, yarinyar ta ce maka Kawu sau uku a gabana. Duba da kyau." Duk sunayen shafin da bik aka rubuta su. Nawa kaɗai da kireyon, fensirin da ake gogewa. Ta ce jira take ta ga ranar da kunya za ta kawo ni. Ta sa na goge da hannuna. Ban taɓa jin an yi min ciniki irin wannan ba.

Yanzu gurbin uba fili ne. Ta ce ba za ta cika shi da bakina ba, kuma tana da gaskiya. Takarda take so daga wajen uwa, da cikakken sunan yarinya da na mahaifinta, da cewa kin ba ni riƙo. Jijima kuma ta ce a can inda aka haife ta ya kamata a yi, da shaidun da suka san gidan. In Rahama ta tafi ba takardar nan, a Janairu za a ba wani bencinta, akwai yara da yawa da ke jira.

Na yanki tike na ran 21 ga Disamba, kamar yadda kika ce. Ban gaya mata kayanta duka ba ne. Laifin nawa ne, ba nata ba, ba na karatunta ba. In kina so, ki bar ta wajen Hasiya, ni in riƙa gaishe ta ta kan katanga. Na so in ce ba roƙo nake ba. Roƙo nake.

Mu'azu

Madawa, 10 ga Disamba

Yaya Mu'azu,

Ina gaisuwa. Yaya gwiwa? Mun gama ɗaurin gero, alhamdu lillahi.

Kada ka ɗauka na huce. Na dai karanta takardarka fiye da sau ɗaya.

A bar ta ta taho ran 21 ɗin. Na yi magana da limamin da ya raɗa mata suna da wanzamin da ya yi mata aski, za su tsaya gaban alƙalin nan cikin hutu. Kayanta na sawa biyu sun isa, sauran a bar su nan ɗakin. Ba sai ta koma gidan Hasiya ba. Wa zai sa maka gishiri?

Takardar Madam na cikin ambulan. Ƙanen marigayi ya ce in kawo ya rubuta min, tunda ya san bakina da hannuna ba su saba ba. Na ce a'a. Sunan da aka goge sau ɗaya, ni zan mayar da shi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ɓata takarda uku. Ga abin da na rubuta, don kada ka ce ba ka gani ba:

Ni Hajara, na ba ɗan'uwana Mu'azu riƙon ɗiyata Rahama Issoufou.

Cikin sunayen nan nata biyu, shekara goma ban kira na farkon ba. Na biyun tun ranar da aka kawo ni gidan nan. Kada ka sake sa ni.

Hajara

Yamai, 27 ga Disamba

Taubashiyata,

Gaisuwa gare ki, da Rahama, da kakarta ta gaskiya. Ousmane ya ce kun sauke ta lafiya, wai kin tsaya nesa kina gyara ɗankwali kamar ba wajenki aka zo ba. Ya ce amma tun hantsi kike tashar.

Na kai takardarki kafin a rufe lakkol. Madam Ramatou ta karanta, ta cire tabarau, ta sake karantawa. Ta ce jijima ta biyo yarinya in za ta dawo, bencinta na nan. Ana komawa ran 3 ga Janairu, ƙarfe takwas, kuma an ce kowane yaro ya zo da sabuwar tsintsiya.

Gidan nan shiru. Rediyo ta dawo bakin aikinta. Jiya na dafa miya, na ɗanɗana, na ajiye cokali cikin ladabi. Silifas ɗinta na bakin ƙofa inda ta bar su, na share kewaye da su ban ɗaga ba. Kullum da safe nakan je in duba famfon lakkol, ko da yake babu yaron da zai bar shi a buɗe.

Kafin in fito ofishinta ran nan, Madam ta cika gurbin uba a gabana: Issoufou. Sannan ta gangaro gurbin mai riƙo. Ɗan ƙarami ne, Hajara, da ƙyar sunana ya shiga, wutsiyarsa ma ta hau layi. Na leƙa in ga abin da ke hannunta. Bik ne.

Zan je tasha tun ran ɗaya ga wata, ko da Ousmane ya ce kin ce sai ran biyu za ta dawo.

Naki,
Mu'azu